Ruwa ya janye a kwana huɗu, yarana kuwa sai da muka shekara

Dare ɗaya ambaliyar ta yi mana, ruwan ya yi kwana huɗu kafin ya janye. Ɓarnar gida da ido ake ganinta: katifu, takardu, kayan sawa, bangon da ya tsage. Har mutane suka zo da biro da takarda suka lissafa. Ta yaran ce babu wanda ya lissafa, ni da na haife su ma sai da na ɗauki makonni kafin na gane girmanta.

'Ya'yana uku. Babban namiji ne, shekararsa 15 a lokacin. Mai bi masa mace, 'yar shekara 9, sai auta ɗan shekara 4. Daren da ruwan ya shigo babansu ba ya gari, don haka babban ne ya saɓa autan a wuya, ni na riƙe hannun yarinyar, muka ratsa ruwa iya ƙirjina cikin duhu har muka kai tudu. Washegari aka kai mu wata makaranta da aka mayar sansani, iyalai shida a aji ɗaya.

Kalma ɗaya na riƙe a bakina a kwanakin farko: "Ba komai, ya wuce, ku manta." Sau goma nake faɗa a wuni. Ina faɗa hannuna yana rawa, ko cokali ba na iya riƙewa da kyau. A tunanina aikin uwa ke nan, ta rufe maganar, ta ta ciki ta bar ta a ciki.

A kwana na uku wata dattijuwa cikin 'yan agaji ta zauna kusa da ni a bakin baranda. Malama muke ce mata. Na ɗauka yaran za ta kira ta yi musu tambayoyi, sai ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, yau kin sa wani abu a cikinki? Jiya kin runtsa?" Raina ya ɗan sosu. Na ce, "Malama, ni lafiyata ƙalau, yaran nan za ki duba min, ki sa su faɗi abin da ke ransu." Ta yi murmushi ta ce ba haka ake yi ba yanzu. A da, in ji ta, akan tara waɗanda masifa ta afka wa a zama guda a sa kowa ya ba da labarin abin da ya gani daki-daki, wai don ya amayar da shi. Da aka bincika sai aka ga hakan ba ya hana ciwon damuwa zuwa, wasu ma ƙara dagula musu lissafi yake yi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina. Abin da aka koya musu shi ne agajin gaggawa na zuciya, wanda hukumar ta fitar da jagorarsa a 2011, kuma kalmomi uku ne ginshiƙinsa: duba, saurara, haɗa. Ka duba wa ke cikin haɗari da abin da ya rasa. Ka saurari wanda ya so magana ba tare da ka matsa masa ba. Ka haɗa shi da danginsa, da abinci, da magani, da sahihin bayani.

"Ke kuma," ta ce, "kina ce musu ba komai, amma labarin zuciya a tambayi fuska. Yaro ƙarami bai san zurfin ruwa ba. Fuskarki yake kallo ya auna."

Daga baya na karanta abin da ya tabbatar min da maganarta. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da jiragen Jamus suka fara yi wa Landan ruwan bama-bamai a 1940, wasu masanan halayyar yara biyu, Anna Freud da Dorothy Burlingham, sun buɗe gidajen renon yaran da yaƙin ya ɗaiɗaita. Sun lura cewa raba ƙaramin yaro da uwarsa ya fi girgiza shi a kan ƙarar bam, kuma yaran da uwayensu ke firgita su ne suka fi firgita. Da na san haka tun farko da ban yarda da shawarar da dangi suka kawo ba, ta a rarraba yaran gida-gida kafin mu gyara namu. Na kusa amincewa. Malama ce ta ce in dai akwai hali, ko a tabarma ɗaya ne, mu kwana tare.

A wannan makon ne wata maƙwabciyarmu a ajin ta miƙo min wasu ƙwayoyi ta ce in ɓantara wa yaran rabi-rabi su samu barci. Allah ya sa na fara nuna wa ma'aikaciyar jinyar sansanin. Diazepam ne, maganin kwantar da hankali da sa barci. Ta karɓe ta ce ko ni kar in sha. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013 ta hana ba da irin wannan magani don firgici ko rashin barci a watan farko bayan masifa, ga manya da yara duka. Yana kwantar da mutum na dare ɗaya, ba ya warkar da komai, kuma jiki yana saurin sabawa da shi.

Autan ne ya fara nuna nasa a fili. Yaron da ya shekara guda da daina fitsarin kwance ya koma yi kullum. Ya koma tsotsar yatsa. Ko banɗaki zan shiga sai ya riƙe zanina yana kuka a bakin ƙofa. Wata asuba, ga gajiya, ga kunyar mutanen da muke ɗaki ɗaya da su, na tashi na tarar ya jiƙa ɗan bargon da aka ba mu, na kai masa duka. Har yau in na tuna yadda ya dube ni jikina sanyi yake yi. Bai yi kuka ba. Ƙara matsowa jikina ya yi.

Na je na faɗa wa Malama ina hawaye. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce komawa baya irin wannan sananne ne ga ƙananan yara bayan tashin hankali, yaro yakan saki abin da ya koya kwanan nan ya koma inda ya fi jin aminci, duka da gori kuwa tsawaita abin suke yi. Ta sa na fara kai shi a duba fitsarinsa ko akwai cuta, tunda mun ratsa ƙazamin ruwa. Babu. Daga nan muka shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, na rage masa shan ruwa dab da barci, ina kai shi ya yi fitsari kafin ya kwanta. In ya jiƙa, in canja in yi shiru. In ya tashi a bushe, in yaba masa. Na kuma gargaɗi yayyensa kar wanda ya tsokane shi. Sai da muka yi kusan wata biyu kafin abin ya lafa.

Wasansa ne ya fi tayar min da hankali. Bayan mun koma gida, kullum sai ya samu roba, ya jera murafen kwalba a ciki ya ce mutane ne, ya ɗebo ruwa a kofi yana zubawa har su nutse ko su kife. Ya zubar, ya sake jerawa, ya sake zubawa. Fuskarsa a murtuke, babu dariya. Na so in ɓoye robar. Malama ta ce in bar shi, in zauna kusa da shi, in ya ɗago kai in tambaye shi, "Sai me ya faru?" Yaro ɗan shekara 4 ba shi da kalmomin da zai ba da labarin wancan dare, da hannu yake ba da shi. Kwana da kwanaki amsarsa ɗaya ce: "Sun nutse." Ni dai in ce, "Ayya, sun ji tsoro ko?" Wata rana a mako na uku sai ya ciro silifas ɗinsa ya ɗora a kan ruwan, ya tsince murafen ɗaya bayan ɗaya ya jera a kai. "Yaya ne ya zo da jirgi," in ji shi. Bayan nan bai ƙara kwana biyar yana wasan ba ya watsar da robar ya koma wa motocinsa.

Ita yarinyar ciwon ciki ta riƙa yi kowace safiya, an auna ba a ga komai ba. Sai kuma kallon sama. Da ta ga gajimare ya ɗan haɗu za ta zo: "Mama, yau za a yi ruwa?" In ce a'a. Bayan minti goma ta dawo da tambayar. Ni kuma don in huta sai in rantse mata cewa ambaliya ba za ta sake zuwa ba har abada. Wannan ma kuskure ne, domin yarinya 'yar shekara 9 ta san ba ni ke riƙe da sama ba, kuma ranar da aka yi yayyafi bayan na ce ba za a yi ba, sai ta daina yarda da duk abin da na faɗa.

Abin da ke cin ta ya fito ne wata yamma ina taje mata kai, ta ba ni baya, ba ma kallon juna. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Mama, ni ce na jawo." Ashe washegarin ambaliyar suna da jarrabawar lissafi, ba ta yi karatu ba, da za ta kwanta ta yi fatan a kwana ana ruwa don kar a je makaranta. Sati biyar yarinyar nan tana ɗauke da wannan ita kaɗai, tana kallon gidajen da suka rushe tana ƙirga su a kanta.

Na kusa yin dariya, na kusa cewa "ke dai shirme gare ki." Allah ya taimake ni na haɗiye. Yara masu irin shekarunta sukan ɗaura abin da suka yi tunani da abin da ya faru, kuma "shirme ne" ba ya kwance ƙullin. Na ɗauko soso da faranti. Na ce ƙasa kamar soson nan take, zuba ruwa. Ta zuba, ya shanye. Ƙara. Ya shanye. A karo na huɗu ruwan ya malalo a farantin. Na ce to, kwanaki aka yi ana ruwa a can saman kogi tun kafin ki san da jarrabawar, ƙasa ta ƙoshi, kogi ya cika, magudanan ruwa sun toshe da shara, ruwan ya rasa hanya. Ya riga ya taso tun kafin ki kwanta. Ta matse soson ta sake gwadawa da kanta har sau uku. Ciwon cikin bai tafi a ranar ba, amma ya fara tsallake kwanaki. Na kuma canja amsata. In ta tambaya sai in ce, "Mai yiwuwa a yi ruwa. Yawancin ruwa ba ya zama ambaliya. In kuma ya zama, mun san inda za mu bi." Komawa makaranta ta taimaka mata fiye da duk maganganuna. Na je na sanar da malamar ajinsu halin da ake ciki, ta mayar da ita kujerar da ke nesa da taga.

Duk wannan lokacin ban damu da babban ba. Me zai sa in damu? Shi ne jarumin gidan. Duk wanda ya zo jaje sai ya dafa kafaɗarsa ya ce namijin duniya. Shi ya kwashe laka, shi ya bi layin karɓar kaya, shi ya riƙe ƙannensa. Ni kuma, in faɗi gaskiya, na jingina da shi fiye da kima. Da dare in zaunar da shi ina lissafa masa bashin da ke kanmu, kamar wani sa'ana.

A wata na biyu abubuwa suka fara fitowa. Ya daina zuwa ƙwallo. Ya daina bin hanyar da muka bi a daren, gara ya yi dogon zagaye ya makara a makaranta. Ƙanwarsa ta taɓa littafinsa ya daka mata tsawar da ta sa autan ya ɓuya a bayan ƙofa. Na ji warin taba a rigarsa. Ƙarfe biyun dare in farka in ga hasken waya a ɗakinsa, ashe bidiyon ambaliyar da ake ta turawa a WhatsApp yake kallo, ya kai ƙarshe ya dawo farko. Wannan ba sabon abu ba ne: bayan harin bam na birnin Oklahoma a Amurka a 1995, masu bincike sun ga yaran da suka fi kallon labarin a talabijin sun fi nuna alamun damuwa, har da waɗanda ba su rasa kowa ba. A lokacin talabijin ce a falo, uwa tana iya kashewa. Yanzu tana cikin aljihun yaro.

Na ƙwace wayar. Aka yi rigimar da ba a taɓa yi ba a gidan. Babansa ya ce masa, "Kai ba namiji ba ne? Kowa ya wuce wurin sai kai?" Yaron ya fita bai dawo ba sai bayan dare ya raba. Ranar na kira Malama a waya. Ta ce matashi ba a tsare shi gaba da gaba a ce faɗi damuwarka. A nemi aikin da za a yi tare, kafaɗa da kafaɗa, a bar shiru ya yi aikinsa. Ta kuma ce wata magana da ta sa gabana ya faɗi: "In ya furta wani abu mai kama da gajiya da rayuwa, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. Rashin tambayar ne ke barin sa shi kaɗai da shi."

Babansa ya sauko, ya ba shi haƙuri, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce ya zo ya riƙe masa ƙofar ɗakin girki da ruwa ya kumbura, za su feƙe ta su mayar. Kwana biyu suna wannan aiki ba mai cewa komai sai "miƙo min guduma." A rana ta uku, ina daga ciki ina jin su, yaron ya ce, "Baba, ya kira sunana."

Akwai wani tsoho maƙwabcinmu da ruwan ya tafi da shi a daren. Kowa ya san ya rasu. Abin da ba mu sani ba shi ne lokacin da muke ratsa ruwan, tsohon yana riƙe da wani ƙarfe ta hannun hagu, ya hango yaron, ya kira shi da suna sau biyu. Yaron yana ɗauke da ƙaninsa a wuya, ruwa yana jan ƙafarsa. Bai juya ba. Ni da ke gabansu da taku uku ban ji komai ba saboda ƙarar ruwa. Wata biyu ana ce masa jarumi, shi kuma yana jin muryar nan duk dare.

Ya ce, "Da ni ruwan ya ɗauka ya fi." Na fito na zauna a ƙasa kusa da shi, bakina ya bushe, na yi tambayar kamar yadda aka koya min, da kalmominta. Ya ce tunanin yana zuwa masa, amma bai shirya komai ba. A daren na kwashe duk magungunan gidan da maganin ƙwari na kulle, babansa ya kwana a ɗakinsa. Da safe muka tafi asibiti.

Likitar ta yi mana bayani a sauƙaƙe. Firgici, mugun mafarki da rashin barci a makonnin farko abu ne da ake sa ran gani, kuma yawancin yara suna farfaɗowa da kansu in suna tare da masu kula da su. Amma in an wuce wata guda abin yana nan ko yana ƙaruwa, yaro yana sake ganin abin kamar yanzu yake faruwa, yana guje wa duk abin da ke tuna masa, kullum a zabure, karatu da zumunci sun lalace, to ya zama ciwon da ke buƙatar gwani. Maganar mutuwa kuwa ba a jira mata wata guda, ko kwana guda. Ta ce a ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai aikin ƙararrawa, shi ke sa zuciya bugawa da jiki ɗaukar zafi in haɗari ya zo. Nasa ya kaɗa a daren, ya cece su, amma ya ƙi tsayawa.

Mako 12 muka yi muna zuwa, sau ɗaya a mako. Makonnin farko ko maganar daren ba a taɓa ba. Numfashi aka koya masa, ya ja a hankali ya ƙirga huɗu, ya saki ya ƙirga shida, da yadda zai gane lokacin da jikinsa ya fara ɗaukar zafi. Sai da ya iya wannan sannan aka fara rubuta labarin daren, kaɗan-kaɗan, yana tsayawa inda ya gaji. Na tambayi likitar, ba wannan ne Malama ta ce an hana ba? Ta ce wancan zama ɗaya ne da ake yi wa kowa da kowa a kwanakin farko, ko yana so ko ba ya so. Wannan kuwa na wanda ciwon ya zauna masa ne, a hannun wanda ya koyi aikin, bayan an ba shi abin da zai riƙe kansa da shi. Yaron ya gaya min wata rana likitar ta tambaye shi, "A daren nan hannu nawa gare ka?" Ya ce biyu. "Me ke cikinsu?" Ya ce ƙafafun ƙanina. Ta yi shiru ta bar shi da amsarsa. Hanyar da yake gudu ma a hankali aka koma mata: ranar farko shi da babansa suka tsaya a bakinta suka juyo, bayan mako suka kai rabi.

Wayar na mayar masa, bisa sharaɗin da shi ya gindaya da kansa: ya goge bidiyoyin, kuma tana kwana a falo. Na daina kai masa lissafin bashi, na samu wata yayata nake sauke mata nawa. Wani dare kuma na faɗa wa yaran uku abin da na ƙi faɗa tun farko, cewa ni ma na ji tsoro a daren, har yanzu in aka yi tsawa cikina yana juyawa, kuma in ya juya numfashin yayansu nake ara.

Da lokacin ruwa ya kusa zagayowa muka zauna muka tsara abin da za mu yi. Jaka ɗaya a bayan ƙofa, da tocila, da kwafin takardunmu a cikin leda, da magunguna, da lambobin waya a rubuce. Kowa da aikinsa. Yarinyar ce mai duba batirin tocila duk ranar Asabar, ta kuma ja layi da alli a jikin dakalin ƙofar gida, in ruwa ya kai nan ba jira, tafiya za mu yi. Autan aikinsa ya sa takalmi ya riƙe hannun babansa. Babban ya ce shi zai riƙa ƙwanƙwasa wa tsofaffin layinmu ƙofa tun ruwa bai taru ba, ya rubuta gidajen guda huɗu a takarda ya manna a bango.

Ruwan farko mai ƙarfi da dare ya zo, da iska da tsawa. Cikin minti biyar duk suka hallara a ɗakina. Ban ce ba komai ba. Yarinyar ta ɗauki tocila ta leƙa dakali sau uku, tana dawowa tana ba da rahoto: saura taƙi biyu, saura taƙi biyu, ya fara raguwa. Babban yana tsaye a bakin taga, ina ganin leɓɓansa suna ƙirga huɗu da shida. Wajen ƙarfe ɗaya ruwan ya tsagaita, muka yi barci a gado ɗaya a takure.

Da asuba na tarar autan ya jiƙa zanin gado, karo na farko cikin wata takwas. Na cire na jiƙa a bokiti, ban ce komai ba, shi ma bai ce ba. Babban ya rataya jakarsa, na bi shi da ido daga bakin ƙofa har ya kai mararraba, ya ɗan tsaya, sannan ya karya ta gajeriyar hanyar.